Mabiya dubu 18 za su iya haɗa min kuɗin fim?

"Assalamu alaikum Yaya, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Kura ne, kusan shekara biyu ke nan ina ɗaukar 'yan gajerun bidiyo da wayata a kan sana'o'in gargajiya, saƙa da rini da bugu, ina ɗorawa a Facebook da YouTube, yanzu Alhamdulillah mabiyana a Facebook sun kai dubu 18. Babban burina in yi cikakken fim na gaskiya, kamar na minti 40, a kan turkuɗin garinmu, wato yadin nan mai sheƙi da ake rinawa da baba, tun daga wajen masaƙa har ya isa hannun Buzaye a Agadas. Na yi lissafi zai ci wajen miliyan uku, ni kuma ko dubu ɗari biyu ban ajiye ba. Wani abokina ya ce in buɗe GoFundMe, shafin tara kuɗi a intanet, mabiyana su haɗa min. To Yaya anya mutanenmu suna ba da kuɗi a irin wannan kuwa? Kuma ni tsorona kar a ce na koma bara a intanet. Don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Tambayarka ɗaya ce a rubuce amma abu uku ka dunƙule a ciki: ko mutane za su bayar, ta ina kuɗin za su biyo su iso hannunka, sai kuma wanda na ga ya fi cin ranka, wato kar a kira ka maroƙi. Na daɗe a harkar shirya fim da editin a nan Kano, na riƙe kuɗin aikin mutane, na kuma ga yadda irin wannan tara kuɗi yake yin kyau da yadda yake ƙarewa da zagi a kwament, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Eh, suna bayarwa. Amma ka cire dubu 18 ɗin nan daga ranka, ka cire miliyan uku a tashi ɗaya. Mutanenmu suna sa kuɗinsu ne a hannun wanda suka riga suka ga aikinsa, a kan abin da za su iya nunawa su ce ga shi nan da kuɗina aka yi, kuma daga ranar da alat ɗin farko ya shigo wayarka ka zama mai bashi a wuya. In ka riƙe wannan sauran duk dabara ce.

Abin ba baƙo ba ne a wajenmu

Mutane suna magana kamar Turawa ne suka ƙirƙiro a haɗa wa mutum kuɗi ya yi aiki. Mu da muke da gudummawar biki, da aikin gayya, da ajo da 'yan fim da mawaƙa suke shiryawa abokai su zo su yi liƙi, da ƙaddamar da littafi inda mutum zai sayi kwafi ɗaya a kan kuɗin kwafi ɗari don kawai a ji. Abin da intanet ya ƙara shi ne wanda yake Jidda ko Kumasi ko Damagaram shi ma zai iya sa hannu ba sai ya zo fili ba. A 2020 mawaƙi Rarara ya fito ya ce masoyan Buhari kowa ya turo naira dubu ɗaya kafin ya saki sabuwar waƙa, aka yi ta turawa kuwa, kuma ka tuna irin surutun da ya biyo baya a kan nawa aka tara da yaushe waƙar za ta fito. Darasi biyu ne a wannan labarin, na farko Bahaushe yana biya wa abin da yake so tun kafin ya gani, na biyu kuma da zarar ya biya to ya samu bakin tambaya, kuma zai tambaya da ƙarfi.

Waɗanda suka fi kowa iya wannan harkar a ganina su ne marubutan onlayin, musamman mata. Za ta saki shafuka kyauta a WhatsApp har labari ya kama mutum, sai ta tsaya daidai inda ba a iya haƙuri, ta ce mai son ci gaba ya tura kuɗi ta akawun ko katin waya a sa shi a guruf. Ba ta ce a taimaka mata ba, ba wanda ya kira ta mabaraciya, kuma da kuɗin take sayen data ta ci gaba da rubutu. Ka lura da tsarin sosai don shi za ka kwaikwaya: ɗanɗano kyauta, farashi a fili, abin da za a samu a fili.

Yanzu me ya sa na ce ka cire dubu 18 daga lissafi? Saboda danna laik kyauta ne. Facebook ma ba ya nuna fostin ɗinka ga duk mabiyanka, in ka duba alƙaluman shafinka za ka ga wasu fostin ɗin ko kashi ɗaya cikin goma ba su gani ba, balle wanda ka sa lambar akawun a ciki. A cikin waɗanda suka gani akwai ɗalibai, akwai wanda da ƙyar ya sayi datar da yake kallonka da ita, akwai wanda zai rubuta "Allah ya ba da iko, muna tare" kuma har ransa yana ganin ya yi nasa. Sannan kana gasa da roƙon da ya fi naka nauyi, don a rana ɗaya mutum zai ga hoton mara lafiya da ake nema wa kuɗin aiki, ya ga marayu, ya ga ginin masallaci, sai kuma ga ka da fim. In yana da dubu biyu tak ka san inda za ta je, kuma ba laifi ya yi ba. Ga kuma 'yan damfara da suka ɓata ruwan, wanda aka taɓa cuta sau ɗaya ba ya sake tura wa baƙon akawun. A abin da na saba gani, in ka samu mutum ɗaya cikin ɗari na mabiyanka ya cire kuɗi ya turo to ka gode wa Allah, ka yi ƙoƙari. A wajenka wannan yana nufin wajen mutum ɗari da tamanin, a kansu za ka gina komai.

Maganar GoFundMe da 'yan uwansa

Abokinka ya ba ka shawarar da ya ji a bakin wasu ne. GoFundMe ba ya barin wanda yake zaune a Najeriya da akawun ɗin bankin Najeriya ya buɗe ya cire kuɗi, sai wanda yake ƙasashen da suka lissafa irin su Amurka, Ingila, Kanada da wasu na Turai. Kickstarter da aka buɗe a 2009 shi ne ma aka yi don irin aikinka, fim da littafi da waƙa, amma shi ma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe kamfen daga cikinsu. Abin da mutane suke yi shi ne su nemi wani ɗan uwa a waje ya buɗe da sunansa. Ana yi, amma ka sani kuɗin a akawun ɗinsa za su sauka, a takarda nasa ne, in da haraji shi za a tambaya, in kuma ya yi maka wasa ba ka da inda za ka kai ƙara, mutane kuma kai za su zaga ba shi ba. Ban da haka ma, su wane ne za su biya ta can? Mai kallonka na Kura da Bunkure da Garun Malam ba zai shiga shafin Turanci ya sa lambar kati ba, an ma shafe shekaru katin naira na yawancin bankuna ba ya biya a waje. Patreon kuma da aka kafa a 2013 tsarinsa na biyan wata-wata ne ta kati, mutanenmu ba su saba da a rinƙa zare musu kuɗi kowane wata ba tare da sun danna da hannunsu ba, wata biyu za ka ji ana cewa ana cire min kuɗi.

Abu ɗaya da nake so ka ɗauko daga Kickstarter shi ne ƙa'idarsu: ana sa adadi da wa'adi, in kuɗi bai kai ba kafin wa'adin to ba a cire wa kowa ko sisi, aikin ya fasa. Wannan ƙa'idar ita take sa mai bayarwa ya saki jiki. Kai ba ka da injin da zai yi maka haka, amma za ka iya yi da bakinka, zan dawo kanta a ƙasa.

To ta ina? Transfa kai tsaye, ita ce hanyar da kowa ya iya har da wanda zai je wajen mai POS ya ba shi tsaba ya tura. Amma ka buɗe akawun daban na wannan aikin kaɗai, kar ka haɗa da wanda kake sayen kati da cefane da shi, don ranar da za ka nuna wa mutane sitetment ba ka so a ga kuɗin tsire a tsakiya. Ka tabbatar an ɗaga matakinsa da BVN da NIN da adireshi, saboda akawun ɗin matakin farko yana da iyakar abin da zai riƙe, ba abin haushi irin mutum ya yi niyya ya tura kuɗi su dawo masa, ba zai sake gwadawa ba. In da hali ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, akawun ya fito da sunan shafinka, yana ƙara kwarjini. Don 'yan waje da masu son biya da kati za ka iya buɗe shafin biya a Paystack ko Selar ka rinƙa tura link, Paystack suna cire kashi ɗaya da rabi cikin ɗari da naira ɗari a biyan cikin gida, ka sa wannan a lissafi. Sai mutanen Nijar, waɗanda a wannan fim ɗin ba ƙananan masu ruwa da tsaki ba ne tunda su suke naɗa turkuɗin, su sefa ce a hannunsu kuma ta kamfanonin tura kuɗi irin NITA ko Amana suka saba turawa, sai ka samu amintaccen mutum ɗaya a can ya karɓa ya rubuta suna ya canzo maka. Mutum ɗaya, wanda ka san gidansu.

Kuma kar ka yarda da sikirinshot. Sai ka buɗe akawun ka ga kuɗi sun zauna sannan ka rubuta suna.

Bara ce ko ba bara ba ce?

Ya danganta da abin da ka rubuta a fostin ɗin. In ka ce "jama'a ku taimaka min in cika burina", to gaskiya ka kusa, don burinka naka ne, kowa ma yana da nasa. In kuwa ka ce zan yi fim a kan turkuɗin Kura, ga minti biyu na somin taɓi, zai fito wata kaza, wanda ya biya dubu biyu zai kalla sati biyu kafin kowa kuma sunansa zai fito a ƙarshen fim, to ciniki ka yi, ka sayar da kaya kafin su iso kasuwa. Mai ɗinki ma yana karɓar kafin alƙalami.

Ka yi tunani sosai a kan abin da za ka ba su, a nan mutane da yawa suke haƙa wa kansu rami. Kar ka yi alkawarin riga da hula da kofi mai hoton fim, kuɗin bugawa da na aikawa Sakkwato da Maiduguri za su cinye abin da aka ba ka, ka koma ɗan aike maimakon mai fim. Abin da ba ya cin kuɗi kuma yake da daraja a idon mutanenmu shi ne suna, da riga kowa gani, da jin cewa ana damawa da su. Guruf na WhatsApp ko Telegram na waɗanda suka biya kaɗai, inda za ka rinƙa jefa hoton wajen ɗauka, muryar wani dattijon marini yana bayanin yadda ake haɗa baba da toka, ɗan bidiyon mabuga suna sauke guduma a tare, wannan ya fi musu riga. Masu dubu goma ka gayyace su ranar haska fim ɗin a Kura a ba su kujerar gaba. Manya kuma, masu dubu hamsin zuwa sama, a nan ne kaɗai zan yarda da kyauta ta hannu, ɗan yankin turkuɗi na gaske daga marinar da aka ɗauka a fim ɗin, ka ga ka yi wa masu sana'ar ciniki ke nan ma. Sai dai ka tambayi kowa kafin ka sa sunansa, akwai wanda zai ba ka da yawa ya ce kar a ambace shi, in ka ambata ka ɓata masa.

Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne alkawarin riba. Kar ka ce wanda ya sa dubu hamsin zai samu kaso in fim ya kawo kuɗi. Da ka faɗi haka ka fita daga gudummawa ka shiga neman masu zuba jari, wannan kuma hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ta fitar da dokokinsa tun Janairun 2021, sai ta hannun kamfanonin da ta yi wa rajista ake yi. Ni ba lauya ba ne, in har kana son bin wannan layin ka zauna da lauya tukuna. Amma ko ba doka ma, fim ɗin gaskiya a kan rini ba abin da zai dawo da miliyan uku cikin shekara ba ne, za ka sayi rigima ne kawai da mutanen da da suna ƙaunarka.

Na san za ka ce ai YouTube zai biya. Zai biya in ka cika sharaɗi, mabiya dubu ɗaya da awa dubu huɗu na kallo cikin wata goma sha biyu, su ba ka kashi 55 na kuɗin talla, kuma ba sa turowa sai ya kai dala ɗari. Facebook ma sun buɗe wa 'yan Najeriya samun kuɗi a 2024. Amma tallan da ake sa wa mai kallo daga Najeriya da Nijar kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai in ka gwada da na mai kallo daga Amurka, masu dogon zango da suke sakin sabon kashi duk sati su ne suke ganin wani abu. Naka ka ɗauke shi kuɗin data, in ya zo ya zo.

Miliyan ukun nan

Ban ga takardar lissafinka ba amma na san me ya kumbura ta: tafiyar Agadas. Mota, masauki, abinci na mutum uku ko huɗu, izinin ɗauka a wata ƙasa, ga yanayin hanya da na boda wanda tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ba a iya yi masa alkawari. Cire ta. Ba na ce ka fasa ba, ka mayar da ita kashi na biyu. Kashi na farko ya tsaya a Kura, minti 15 zuwa 20, daga zare zuwa saƙa zuwa karofi zuwa bugu har a naɗe kaya a ɗaure. A garinku kake, ba kuɗin otal, dattawan sun san ubanka, kuma kowa da ya tashi yin bidiyon rini marinar Ƙofar Mata ta cikin Kano yake nufa, Kura ba a cika shiga ba, wannan kaɗai abin talla ne. In wannan ya fito ya yi kyau, shi ne zai nemo maka kuɗin Agadas, mutanen can ma da kansu za su kira ka.

A kasafin kashi na farko ga inda nake so kuɗin su tafi. Sauti kafin hoto, ka ji ni da kyau, mutum zai jure hoton waya amma ba zai jure dattijo yana magana iska tana busawa a makirfo ba, don haka hayar makirfo mai kyau da wanda ya iya riƙe shi ba abin ragewa ba ne. Hayar kyamara na kwanakin ɗauka kawai, kar ka sayi kyamara da kuɗin jama'a, ranar da aka ganta a wuyanka a wajen biki an gama da kai. Editin, wanda kullum shi ake mantawa kuma shi yake cin lokaci. Hadis, wato hard disk na ajiye bidiyo, guda biyu, a kwafe komai sau biyu a ajiye ɗaya a wani gidan, na ga aikin da aka gama ɗauka kaf ya tafi a hadis ɗaya da ya faɗi ƙasa, mai aikin har yau ba ya son a tuna masa. Fassarar rubutu a ƙasan fim da Turanci da Faransanci in kana son ya wuce mu. Sallamar masu sana'ar da za su bar aikinsu su zauna maka, kar ka ce ai tallata su kake yi, wuninsu ka ci. Sai Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, ka je ofishinsu tun kafin ka fara ka ji me ake buƙata da nawa ne, kar ka ce ai a YouTube zan saka, a 2025 sun dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a lokaci ɗaya kan maganar rashin kawowa a tace, har da manya waɗanda kowa ya sani. A ƙarshe ka ɗora kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a sama saboda tashin kaya. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023 dala tana ƙasa da naira 500 a banki, kafin ya gama aiki a farkon 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin mai a tsakiya, duk wanda bai bar sarari ba a lokacin aikinsa tsayawa ya yi.

Mu ce duka ya tsaya a dubu ɗari takwas, misali nake ba ka, kai za ka zauna ka tambayo farashin yau. Mutum 150 a dubu biyu-biyu, dubu ɗari uku ke nan. Mutum 30 a dubu goma-goma, wata dubu ɗari ukun. Mutum huɗu a dubu hamsin-hamsin, dubu ɗari biyu. Ka ga ƙasa da mutum ɗari biyu sun gama maka. Kuma ka duba da kyau, mutum 34 ɗin nan na sama su suka kawo fiye da rabi, kuma ba a fostin ake samunsu ba, kiran waya ne da takawa ƙafa. Dilolin turkuɗi, 'yan kasuwar shinkafar Kura, 'yan garin da suke aiki a Abuja da Legas, malaman jami'a masu nazarin Hausa da tarihi, waɗannan kai za ka same su ɗaya bayan ɗaya ka nuna musu somin taɓin a wayarka.

Dubu ɗari da wani abun da ka ajiye kuma, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, da shi za ka yi somin taɓin nan na minti biyu, ka yi shi da kyau kamar shi ne fim ɗin, kuma ka faɗa wa mutane da kuɗinka ka yi.

Kar ka buɗe a fili da sifili. Ka fara bin na kusa a ɓoye sati ɗaya ko biyu har ka haɗa kamar kashi ɗaya cikin uku, ranar da za ka sanar sai ka ce Alhamdulillah an riga an haɗa kaza saura kaza. Mutane suna son shiga abin da ya riga ya tashi, ba mai son ya zama na farko a akawun ɗin da ba kowa. Wa'adi kar ya wuce sati uku zuwa huɗu, ya haɗa da ƙarshen wata lokacin albashi. Ka kauce wa azumi, hankalin masu bayarwa yana kan ciyarwa da zakka, ka kauce wa gab da layya da lokacin komawa makaranta. Bayan girbi ya fi, musamman a yankinku. Kwana biyu-ukun farko za ka ji alat kamar ruwa, daga nan sai tsit, za ka zata an gama, haka yake wa kowa, sai kwanakin ƙarshe ya sake motsi. A tsakiyar nan ne ake gane mai juriya, kullum ka fito da sabon abu, ba "saura kwana goma ku taimaka" ba, a'a, yau ga hirar masaƙi, gobe ga jimillar abin da ya shigo, jibi ga wani da ake girmamawa ya yi bidiyon minti ɗaya ya ce na san yaron nan na kuma sa nawa.

Ɗan siyasa zai iya kiranka ya ce nawa ne duka in biya. Ba zan ce kar ka karɓa ba, amma ka tambaye shi me yake so tun a zaune, in hotonsa ne a farkon fim da waƙarsa a ƙarshe to ka san rabin masu kallonka sun tafi, kuma waɗanda suka ba ka dubu bibbiyu za su ji kamar an yi amfani da su.

Bayan kuɗi sun shigo

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne yawanci ake faɗuwa, ba don mutum ɓarawo ba ne, sai don kunya. An ce wata uku, wata uku ta cika editin bai ƙare ba, sai mutum ya ji nauyin fitowa ya faɗa, ya yi shiru, shirun ya kai wata biyu, kafin ka ce me wani ya rubuta "ina kuɗinmu", daga nan ko me ka fito da shi an riga an yanke maka hukunci. Mutanenmu suna yafe jinkiri in ana gaya musu, shiru ne ba sa yafewa. Don haka in kana ganin wata uku ne ka ce biyar. Ka sa rana ɗaya a sati, ko Juma'a ce, da za ka rinƙa ba da rahoto a guruf ko da abin da za ka ce shi ne wannan satin ba a yi komai ba mai editin ba shi da lafiya. Kowane kashe kuɗi ka riƙe rasit ko ka rubuta a littafi da kwanan wata, in an gama ka fitar da shafi ɗaya: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi, ga saura. In da hali ka sa wani dattijo ko malami da garin ya yarda da shi ya zama yana ganin akawun ɗin tare da kai, ka faɗi haka tun a sanarwar farko da izininsa. Kuma in za ka biya kanka ladan wahala, wanda ba laifi ba ne, ka rubuta shi a kasafi tun farko kowa ya gani, kar ya zama daga baya aka gano.

Sai ƙa'idar da na ce zan dawo kanta. Tun ranar farko ka rubuta me zai faru in kuɗi bai kai ba. Misali in an haɗa dubu ɗari biyar zuwa sama zan yi fim ɗin amma gajere, in bai kai haka ba zan mayar wa kowa kuɗinsa cikin sati biyu. Wannan yana nufin ba za ka taɓa ko naira ba sai wa'adi ya cika, kuma dole ka rubuta sunan kowa da lambar wayarsa da abin da ya bayar tun yana turowa, musamman masu turowa ta POS, don sunan mai shagon ne zai fito a alat ba nasu ba, in ba ka ce su turo maka rasit da sunansu ta WhatsApp ba ranar mayarwa ba ka san wa za ka nema ba.

Duk wannan daga ƙananan ayyuka na gani, na dubban ɗaruruwa zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai, a Kano da kewaye, kuma ba zan ba ka tabbacin cewa in ka bi shi kuɗin za su cika ba, na ga wanda ya yi komai daidai ya tsaya a rabi saboda lokacin ya zo da matsi. Kafin ka sanar da komai ka yi gwaji mai sauƙi: ka rubuta sunan mutum talatin da kake da yaƙinin za su ba ka, ka kira goma daga ciki ka gaya musu adadi da wata. In bakwai sun ce turo akawun, ka ci gaba. In biyu ne, ka ƙara wata shida kana sakin gajerun bidiyon nan, wannan karon kana nuna fuskarka kana amsa kwament, sannan ka sake kira.